Wutar da Ido Ba Ya Gani da Rana

A watan Janairun 2021, kamfanin mai na ƙasa, wato NNPC, tare da abokan hulɗarsa suka ba da sanarwar zuba kuɗi Dalar Amurka biliyan 3.6 domin gina wata masana'anta a tsibirin Brass, cikin jihar Bayelsa, wadda aka ce za ta riƙa fitar da tan 10,000 na sinadarin metanol a kowace rana. A watan Oktoban 2024 kuma aka sa hannu a kan yarjejeniyar sayar wa masana'antar iskar gas ɗin da za ta yi aiki da ita. Jaridu sun yi ta lissafin guraben aiki da kuɗin shigar da ƙasa za ta samu. Mu ma ba mu ƙi ba, domin muna da 'ya'ya a gida masu takardun shaida waɗanda ke neman abin yi. Amma a cikin duk wannan lissafi ba mu ji an ce kome ba game da mutumin da zai buɗe bakin duro, ya ɗura a jarka, ya tsoma tsumma, ya wuni yana shaƙar abin. Maganar wannan mutum muke so mu yi, tun da yake yawancin lokaci ɗan ikkilisiyarmu ne, kuma sau da yawa mai gidansa ma ɗan ikkilisiyarmu ne.

Metanol ɗan'uwan etanol ne, wato sinadarin da ke cikin giya. Su biyun farare ne tas kamar ruwa, ƙamshinsu kusan ɗaya, ido ko hanci ba sa iya rarrabe su. Akwai na uku wanda masu ɗab'i da masu gyaran waya suke kira IPA. Mutanenmu dai sun tattara su duka sun sa musu suna ɗaya, sifirit. Ba sai an jira masana'antar Brass ba, sifirit ya daɗe a cikinmu. Mai aski na goge aska da shi. Kafinta na narkar da man ƙyalli da shi kafin ya shafa wa kujera. Maɗaba'a na zuba shi a injin, ana goge allon waya da shi a kasuwa, yana ɗakin gwaje-gwaje na makarantun sakandare, yana kuma cikin ƙananan gwangwanayen nan da ake kunnawa a ƙarƙashin kwanonin abinci a wurin liyafar aure. Dukansu uku suna kama wuta da sauri. Metanol ne ya fi su sharri a jikin mutum, shi ne kuma ya fi araha, a nan matsalar take.

Bari mu fara da wuta. Metanol yana fitar da tururin da zai iya kamawa tun daga zafi kimanin digiri 11 a ma'aunin Salshiyas. In ban da asubahin hunturu a wurare irin su Jos ko Pankshin, da wuya ɗakunan aikinmu su sauka ƙasa da haka, balle a watan Afrilu a Yola ko Maiduguri, inda zafi kan wuce digiri 40 ƙarƙashin rufin kwano. Ma'ana, duk buɗaɗɗiyar jarka tana fitar da tururi dare da rana. Da zarar tururin ya kai kashi 6 cikin 100 na iskar wurin, tartsatsi ɗaya ya isa. Kuma ba sai wuta ta taɓa ruwan ba. Tururin yana iya bin ƙasa ya tarar da janareta, ko kyandir da aka kunna don an ɗauke wuta, ko guntun taba, sannan wutar ta biyo sawunsa ta komo cikin jarkar.

Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne harshen wannan wuta shuɗi ne mai rauni, ba shi da hayaƙi, da rana kuwa kusan ba a ganinsa sam. A 1981, a wurin tseren motoci na Indianapolis a Amurka, inda a lokacin ake zuba wa motocin metanol, man ya zube a kan direba Rick Mears da masu taimaka masa, ya kama. 'Yan kallo suna ganin mutane na tsalle suna bugun jikinsu, amma ba su ga wuta ba. Ya tsira da ransa, da ƙuna a fuska. To, a wurin da aka tanadi 'yan kwana-kwana a tsaye ke nan. Mu kwatanta da shagon kafinta a bayan kasuwa, inda yaro zai ga tasa kamar babu kome a cikinta, ya ɗauko jarka ya ƙara. Wutar da bai gani ba sai ta shiga bakin jarkar, ta feso waje kamar an hura ta da zugazugi. Haka ya faru a watan Satumban 2014 a wani gidan nune-nunen kimiyya na yara a birnin Reno, a Amurka, inda aka tsiyaya metanol daga babbar kwalba a kan abin da ke ci da wuta ba a sani ba, mutum 13 suka ji rauni, yawancinsu yara. Muna roƙon shugabannin makarantun mishan su karanta wannan sau biyu. Haka ma matan zumunta masu kula da abincin biki, gwangwanin da ake zaton ya mutu a ƙarƙashin kwano ba a ƙara masa mai sai an rufe shi ya huce sarai.

Ruwa ma ba ya kashe wannan wuta yadda muka saba. Metanol yana gauraya da ruwa, kuma ko da ruwan ya ninka shi sau uku, gaurayen yana iya ci. Bokiti ɗaya da aka watsa cikin firgita sai ya yaɗa wutar a ɗaki. Tukunyar kashe gobara mai gari ko mai iskar kabon ita ke maganin ƙaramar wuta, babba kuwa sai kumfa na musamman wanda sifirit ba ya narkarwa, domin kumfan da ake kashe wutar fetur da shi narkewa yake yi a kansa. Mai ajiye duro-duro ya kamata ya je ofishin 'yan kwana-kwana na garinsa tun yanzu ya tambaya ko suna da irin wannan kumfa.

Akwai wani abu da ya faru ran 11 ga Janairun 2006 wanda ya dace masu walda su ji. A wata ma'aikatar tace ƙazamin ruwa ta birnin Daytona Beach, a jihar Florida ta Amurka, an tura ma'aikata uku su cire rufin ƙarfe da guguwa ta lalata. Rufin yana saman tankin metanol. Suna yankan ƙarfe da wutar gas, tartsatsi ya zubo a kan bututun da tankin ke numfashi ta ciki, wuta ta bi bututun ta shiga, tanki ya fashe. Biyu suka mutu, ɗaya ya ƙone ƙwarai. Hukumar binciken haɗarin sinadarai ta Amurka ta gano cewa na'urar da aka sa a bakin bututun don tare wuta da alminiyam aka yi ta, metanol kuwa yana cin alminiyam, ta riga ta ruɓe ba wanda ya duba. An kuma gano ba a koya wa ma'aikatan haɗarin abin da ke ƙarƙashin ƙafafunsu ba. Mu a nan, sau nawa ake kai wa mai walda tsohon duro a ce ya yanke shi biyu a yi kwamin wanka ko murhun gasa nama? Duron da ake cewa babu kome a ciki ya fi cikakke haɗari, domin cike yake da tururi gauraye da iska.

Duk da haka, gobara aƙalla tana da ƙara, maƙwabta kan ji su kawo gudunmawa. Ɗaya haɗarin shiru yake zuwa.

Metanol yana shiga jiki ta baki, ta huhu, har ta fata. Idan ya shiga, hanta takan juya shi zuwa wani asid mai guba, wannan asid ɗin ne yake lalata jijiyar ido, ya kuma gurɓata jini. Aikin yana ɗaukar lokaci. Mutum zai tashi daga aiki da ɗan jiri, ya kwana, sai bayan awa 12 zuwa 24 ciwon kai da amai da ciwon ciki su taso, numfashi ya yi sauri, ya fara gani dishi-dishi kamar wanda ke cikin hazon hunturu. A lokacin ba wanda zai tuna da jarkar jiya. Za a ce zazzaɓin cizon sauro ne ko taifot, wasu ma su ce jifa ne. Kimanin mililita 10, wato ƙaramin cokali biyu, na iya makantar da wanda ya sha, mililita 30 na iya kashe shi. Iyakar da ƙasashe da dama suka yarda ma'aikaci ya shaƙa a wunin aiki na awa 8 ita ce kashi 200 cikin miliyan na iska, hancin mutane da yawa kuwa ba ya jin warin sai an riga an wuce wannan iyaka.

Ƙasarmu ta ga aikinsa. A watan Afrilun 2015, a garin Ode-Irele na jihar Ondo, mutum aƙalla 18 suka mutu cikin 'yan kwanaki, bayan ciwon kai da makanta farat ɗaya. Da farko wasu mutanen garin sun ce fushin gunki ne saboda an keta wurin tsafinsa. Daga baya gwaji ya nuna metanol ne a cikin ogogoron da suka sha. A watan Yunin wannan shekara, kimanin mutum 70 suka mutu a jihar Ribas ta hanya ɗaya. Mun tuna yadda wasunmu suka karɓi labarin, aka ce ai sakamakon shan giya ke nan, aka yi wa'azi a kai, aka wuce. Wa'azin bai yi laifi ba. Sai dai ya sa mun ɗauka wannan guba ta mashaya ce kaɗai, alhali kuwa wanda bai taɓa kai kwalba bakinsa ba yana iya makancewa da ita a wurin neman abincinsa na halal.

Shaida tana ƙasar Koriya ta Kudu. A 2015 da farkon 2016, a garuruwan Bucheon da Incheon, matasa aƙalla shida suka rasa ganinsu a ƙananan masana'antu masu yin sassan wayar hannu, 'yan kwangilar 'yan kwangila ga manyan kamfanoni irin su Samsung da LG. Aikinsu shi ne tsayawa gaban injin da ke yankan alminiyam. Injin yana feshin sifirit don sanyaya ƙarfen, ma'aikaci kuma yana busar da abin da aka yanka da iska, ba cikakkiyar hanyar fitar da tururi, ba kayan kariya na kirki, awa 12 a rana. Etanol ya kamata a zuba wa injin. Masu masana'antun suka zuba metanol domin kuɗinsa bai wuce kashi ɗaya bisa uku na kuɗin etanol ba. Da masu bincike suka auna iskar ɗaya daga cikin wuraren, sai suka tarar ta ninka iyakar da doka ta yarda sau biyar zuwa goma. Yawancin yaran nan shekarunsu ashirin da 'yan kai, kuma ta hannun dillalan leburori aka ɗauke su, ba wanda ya gaya musu sunan abin da suke shaƙa. Wata ma ba ta yi sati guda a wurin ba.

Sai a ce duniya ta koyi darasi. Ina! A farkon 2023, a lardin Bac Ninh na ƙasar Biyetnam, a wata masana'antar sassan kayan lantarki, ma'aikata 37 suka kamu da gubar metanol, mace ɗaya ta rasu. A can, ruwan da aka sayar wa masana'antar da sunan etanol, da aka gwada shi, fiye da kashi 70 cikin 100 metanol ne. A 2020 ma, lokacin annobar korona, hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi ta fitar da gargaɗi a kan man tsabtace hannu da aka rubuta etanol a jikinsa, aka tarar da metanol a ciki. A wannan shekarar ce mu ma muka jera kwalabe a ƙofar kowace majami'a, wasu an haɗa su a gida da sifirit ɗin da aka auno a kasuwa. Ubangiji ya yi mana jinƙai, amma a cikinmu wa ya tambayi inda aka samo shi?

Abin da muka gani a waɗannan labarai shi ne, ma'aikaci ba shi da yadda zai kare kansa da idonsa ko hancinsa. Wutar ba ya ganinta, warin ba ya faɗakar da shi a kan lokaci, ciwon kuma sai gobe. Wanda ya san abin da ke cikin duron, ko yake da ikon sani, shi ne wanda ya biya kuɗinsa. Shi ya ga farashi biyu ya zaɓi ƙarami. Shi ya karɓi jarka ba takarda a jikinta bai tambaya ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado, a wannan kasuwa kuwa araha tana cin idon ɗan wani. Don haka ba mu yarda da maganar nan da aka saba yi bayan haɗari ba, cewa yaron ne ya yi sakaci, ko kuma ƙaddara ce. Littafi Mai Tsarki bai bar mai gida ya fake da ƙaddara ba. A Maimaitawar Shari'a 22:8 an umarci wanda ya gina sabon gida ya kewaye rufin soronsa, kuma alhakin jinin wanda ya faɗo a kan gidan yake. A Fitowa 21 wanda ya haƙa rami ya bar shi buɗe shi ke biyan abin da ya faɗa ciki. Jarkar da ba suna, a ɗakin da ba taga, ramin zamaninmu ke nan.

Dokar ƙasa ma ta yi magana. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta isasshiyar iska a ɗakin aiki, da ajiye abubuwa masu saurin kama wuta a ma'aji na dabam, da hanyar tsira idan gobara ta tashi, ta kuma hana kulle ƙofa yadda na ciki ba za su iya buɗewa ba. Duk da haka a watan Satumban 2002, gobara ta cinye ma'aikata masu yawa a wata masana'antar roba a Ikorodu, jihar Legas, aka kuma ba da labarin cewa a kulle suke cikin dare. Tarar da aka rubuta a dokar a 1987 'yan dubban naira ce, kuɗin da a yau ba zai sayi duro guda na sifirit ba. Nijeriya ta amince da yarjejeniya ta 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a kan lafiyar ma'aikata a 1994, ta amince da ta 187 a 2022. Takardu dai akwai. Amma masu shagon kafinta da ƙananan maɗaba'u da ke cikinmu su faɗi gaskiya, yaushe rabon da sufeton masana'antu ya taka ƙofarsu? Akwai kuma Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda ta ce mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa biyan kashi 1 cikin 100 na jimlar albashi ga asusun NSITF, domin wanda ya ji rauni ko ya kamu da ciwo ta dalilin aiki ya sami diyya. Ba a cire ko kwabo daga albashin ma'aikaci. Yaron shago da lebura na yini-yini, waɗanda su ne suka fi taɓa sifirit, da wuya a ga sunansu a wannan rajista. In ya makance, sai a dawo da shi ƙauye, ikkilisiya ta yi masa baiko na musamman Lahadi ɗaya ko biyu.

Kafin mu nuna wa gwamnati yatsa, mu tuna ikkilisiya ma mai ɗaukar ma'aikata ce. Muna da asibitoci da ƙananan ɗakunan shan magani, muna da maɗaba'un da ke buga littattafan waƙoƙi da na darasin makarantar Lahadi, muna da makarantu da wuraren koyon sana'a. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Muna ganin ya dace dattawan kowace gunduma su tura mutum biyu, ɗaya ma'aikacin lafiya, su zagaya waɗannan wurare su buɗe ɗakin ajiya. Duk jarkar da ba a san abin da ke cikinta ba a fitar da ita. A daina zuba sifirit a robar ruwan sha ko kwalbar lemo, domin a nan ne yara da baƙi suke kuskure. Mai sayen kaya ya nemi takardar bayanin haɗari daga dillali, kamfanonin kirki suna bayarwa kyauta, dillalin da ya ce ba shi da ita a canja shi. Inda etanol ko IPA zai yi aikin, kada a sayi metanol ko nawa ne rangwamen, ko da yake su ma wuta suke kamawa, sai an nisanta su da janareta da murhu. A buɗe tagogi ɓangare biyu. Takunkumin ƙyalle ko na takarda da muka saba da shi tun korona ba ya tare tururin metanol ko kaɗan, mai gidan da ya raba shi kada ya ɗauka ya sauke nauyi. Safar hannu ta roba siririya ma ba ta daɗewa kafin ya ratsa ta.

Idan kuma abin ya riga ya faru, a fitar da mutum zuwa iska, a cire tufafin da suka jiƙe, a wanke fata da ruwa mai yawa, ido kuma a yi ta zuba masa ruwa kamar minti 15. Wanda ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɓata lokaci da manja ko madara, ba sa maganin wannan guba. A kai shi babban asibiti nan take ko da ya ce ya warware, a tafi da jarkar, a gaya wa likita irin aikin da yake yi da kalmar metanol a fili, domin likitan da ba a gaya masa ba zai fara da gwajin zazzaɓi. Maganin da ke tare gubar sunansa fomepizole, yana da tsada ƙwarai. Inda babu shi, likitoci suna ba da etanol da awo, domin hanta ta shagala da shi ta bar metanol ya fita ba tare da ya zama asid ba. Mun san wannan zai yi wa wasu 'yan'uwa nauyi a kunne, amma magani ne a hannun likita, kada mai jinya ya hana, kada kuma wani ya ce zai yi nasa a gida. Idan jini ya riga ya gurɓace sai wankin ƙoda, shi ya sa tun farko ya fi kyau a nufi asibitin da ke da injin, ko da ya fi nisa. Jijiyar ido in ta mutu ba ta dawowa, tazarar da ke tsakanin wanda ya tsira da ganinsa da wanda ya rasa shi kuwa sau da yawa awoyi kaɗan ne.